Tambayoyi da amsoshi kan saƙa ƙananan kayan ado da kwarashi: tauraro, fulawa, zuciya da sauransu

Da zarar biki ya ƙarato ko mutum ya ji yana son canza fuskar ɗakinsa, tambayoyin nan dai su ne suke ta dawowa daga masu koyon saƙa, wasu ma har da waɗanda suka daɗe a ciki amma manyan abubuwa suka saba yi irin su bargo da rigar sanyi. Na tara su wuri ɗaya, daga na farkon shiga zuwa masu ɗan zurfi. Da "ke" zan yi magana don yawanci mata ne ke tambaya, maza masu saƙa a yi haƙuri, amsar duk ɗaya ce.

Ban taɓa riƙe kwarashi ba, zan iya farawa da irin waɗannan ƙananan?

Za ki iya mana, har ma ya fi daɗi don cikin minti ashirin ko talatin kin ga abu ya fito a hannunki, in ya lalace ki warware ba wata asara. Amma kar ki ɗauka ƙarami shi ne mai sauƙi. A bargo in kika tsallake ido ɗaya ba wanda zai gani, a tauraro mai zagaye biyu kuwa ido ɗaya ya ɓata toh ƙafa ɗaya ta karkace kenan, kowa zai gani.

Abin da kike buƙata shida ne kawai: cen, wato sarƙar da ake farawa da ita, silif na haɗe zagaye, sai singul, haf-dobul, dobul da tirebul. Bambancinsu tsayi ne. Singul ba a naɗa zare a kwarashi kafin a soka, haf-dobul da dobul ana naɗawa sau ɗaya (a haf-dobul ki jawo zaren ta cikin madauki ukun gaba ɗaya, a dobul kuma bibbiyu), tirebul ana naɗawa sau biyu. Tsayin singul daidai yake da cen 1, haf-dobul cen 2, dobul cen 3, tirebul cen 4. Ki riƙe wannan lissafin don kusan duk siffar da za ki gani a ƙasa da shi aka gina ta.

Wane zare ya fi dacewa?

Auduga, ba ma sai an tsaya jayayya ba. Zaren auduga ba ya talewa, idanun saƙar suna fitowa ɗaya-ɗaya tas, yana shan ruwa yana shan sitaci kuma in kika kafe shi a siffa ya bushe yana zama a haka. In kin samu wanda aka rubuta mercerized a jikin takardarsa ya fi, shi ne mai ɗan sheƙin nan mara gashi-gashi. Wani Bature ɗan Ingila mai suna John Mercer ne ya gano hanyar a 1844, ana jiƙa audugar ne a sinadarin soda mai ƙarfi sai ta ƙara ƙwari ta fi kama rini.

Siririn zaren kwarashi lamba gare shi, 3, 5, 10, 20, 30 har sama, kuma abin a juye yake, yadda lamba ta ƙaru haka zaren ke ƙara sirancewa. Lamba 10 ita aka fi amfani da ita a kayan ratayawa. Mai koyo dai kar ta fara da shi, ki fara da zare mai matsakaicin kauri, mai kala ɗaya mai haske. Baƙi da shuɗi mai duhu sai kin ƙware, don ba za ki ga inda za ki soka ba, idonki ne kawai zai sha wahala. Zaren akirilik, wato na roba, shi ma yana yi amma da sharaɗi, duba amsar akirilik can ƙasa.

Kwarashi lamba nawa zan saya? Lambobin sun rikita ni

Ki manta da lamba da harafi, ki duba milimita. Kamfanoni ba su daidaita ba musamman a ƙananan kwarashin ƙarfe, lamba 7 ta wannan kamfani ba lallai ta zo ɗaya da ta wancan ba, amma 1.5mm ko'ina 1.5mm ce. Zare lamba 10 yana tafiya da 1.5mm zuwa 1.75mm. Matsakaicin zare kuma 4mm zuwa 5mm.

Shawarata a nan: duk abin da takardar jikin zare ta ce, ki sauko da rabin milimita ko ma ɗaya. Girman da suke rubutawa don tufafi ne, ana son saƙar ta yi laushi ta zuba a jiki. Ke kuwa so kike abinki ya tsaya cak.

Da me zan fara tsakiya, cen 4 a haɗe ko majik ring?

Ya danganta da ko kina son rami a tsakiya. Cen 4 da aka haɗe da silif yana barin ɗan rami kuma ba ya taɓa kwancewa, ya dace da murabba'in nan mai rukunin dobul uku-uku da ake yin bargo da shi, da duk abin da za a riƙa wankewa. Majik ring kuma zobe ne da kike naɗawa a yatsa ki saƙa a kansa sannan ki ja jelar ya zuge ruf ba rami ko kaɗan, shi ake so a zuciya da tauraro.

Matsalarsa ɗaya, in ba ki ɓoye jelar da kyau ba wata rana zai buɗe daga tsakiya kuma gyaransa ciwon kai ne. Ki naɗa zoben sau biyu a yatsa maimakon sau ɗaya, sannan ki bi abin da na faɗa a amsar ɓoye jela.

Me ya sa da'irata take tashi ta zama kwano, wani lokacin kuma bakin ya yi ta tattarewa?

Lissafi ne. Kowane zagaye ya fi na bayansa faɗi, so dole ki ƙara idanu daidai yadda faɗin ya ƙaru. In ƙarin ya yi kaɗan bakin zai matse ya tashi sama, in ya yi yawa bakin zai rasa wurin zama ya riƙa lanƙwashewa. Da singul ana farawa da 6 a ƙara 6 duk zagaye, wato 6, 12, 18, 24. Da dobul ana farawa da 12 a ƙara 12, wato 12, 24, 36, don shi dogo ne yana faɗaɗa da sauri.

In lissafinki daidai ne amma har yanzu yana tashi, toh hannunki ne ya cika matsewa, ki ƙara girman kwarashi kaɗan. Wani abu kuma da mutane ba sa lura, in kina yin ƙarin a wuri ɗaya a kan na ƙasansa duk zagaye, da'irar za ta fito da kusurwa shida. Ki riƙa gusar da wurin ƙarin. Ɗan tashi kaɗan bulokin, wato jiƙa saƙar a kafe ta da fil ta bushe a siffa, zai kwantar da shi, amma kwano na sosai ba abin da zai gyara sai warwara.

Na bi fatan tiryan-tiryan amma nawa ya fito rabin na hoton, ina matsalar?

Kafin ki zargi hannunki ki duba ko fatan ɗin, wato rubutaccen tsarin saƙar da kike bi, na Amurka ne ko na Ingila, don sunaye ɗaya suke amfani da su a kan abubuwa daban. Abin da Amurkawa ke kira singul shi Turawan Ingila ke kira dobul, dobul ɗin Amurka kuma shi ne tirebul a Ingila, haka abin yake hawa da mataki ɗaya. Kin ga kenan in fatan na Ingila ya ce dc, wato dobul a taƙaice, ke kuma kika yi dobul na Amurka, abin zai yi tsayi ninki biyu ko fi ya ɓaci, in an juya kuma ya fito ɗan tsugul.

Hanyar ganewa mai sauƙi: duk inda kika ga sc (singul) ko hdc (haf-dobul) na Amurka ne, 'yan Ingila ba su da su. In kika ga htr (haf-tirebul) na Ingila ne. Duk abin da na rubuta a nan da sunayen Amurka ne.

Zanen nan mai alamomi fa, ya ake karanta shi?

Gaskiya a ƙananan kayan ado zane ya fi rubutu sauƙi nesa ba kusa ba, kuma in kin iya shi kin huta da rikicin da ke amsar sama, har littattafan Japan da na Rasha za ki iya saƙawa ba tare da kin ji yaren ba. Ɗan ƙwai a kwance cen ne, ɗigo baƙi silif, alamar x ko + singul, T zalla haf-dobul, T mai ɗan kara ɗaya a gicciye a jiki dobul, mai biyu tirebul. Yawan karan shi ne yawan naɗin da za ki yi. Daga tsakiya ake farawa a zagaya ta hagu, akasin tafiyar agogo, bahaguwa kuma ta bi ɗaya ɓangaren.

A ba ni tauraro mai ƙafa biyar da zan gwada yau

Ki yi majik ring, cen 3 (ana ƙirga shi a matsayin dobul ɗaya), sai dobul 14 a cikin zoben, ya zama 15. Ki zuge, ki haɗe da silif a kan cen na uku. Yanzu ƙafa: cen 5, ki tsallake na kusa da kwarashi, singul a na biyu, haf-dobul a na uku, dobul a na huɗu, tirebul a na biyar. Ki tsallake ido biyu a jikin da'irar ki yi silif a na uku. Ƙafa ɗaya kenan, ki maimaita har biyar, 15 a raba gida 3 ai biyar ne cif.

Kin lura hawan tsayin nan daga singul zuwa tirebul shi ya ba ƙafar tsini a sama da faɗi a ƙasa. In kina son mai ƙafa shida ki fara da dobul 18. Zai fito a ɗan murɗe, tsinin yana nannaɗewa, wannan ba laifinki ba ne, haka yake kafin bulokin.

Zuciya da fulawa fa?

Zuciya zagaye ɗaya ce tak, duk a cikin majik ring: cen 3, tirebul 3, dobul 3, cen 1, tirebul 1, cen 1, dobul 3, tirebul 3, cen 3, silif a cikin zoben, ki zuge da ƙarfi. Tirebul ɗin nan guda ɗaya na tsakiya shi ne tsinin ƙasa, ki ɗan ja shi da yatsa.

Fulawa mai ganye biyar kuma ki yi singul 10 a zobe ki haɗe, sai cen 2, dobul 3 a ido na gaba, cen 2, silif a na gaba da shi, haka har ki zagayo. In kika canza kala bayan zagayen farko ta fi kyau sosai, sai dai jela ta ƙaru.

Na saƙa furen ƙanƙara mai ƙafa shida ya fito a cukurkuɗe, ko kama da hoton bai yi ba

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, musamman wajen ƙarshen shekara da ake saƙa su don ratayawa a bishiyar Kirsimeti da tagogi, kuma a nan ne mutane da yawa suke jefar da aiki mai kyau suna cewa ba su iya ba. Wallahi ba wadda nata ke sauka daga kwarashi a miƙe. Hoton da kike gani an riga an yi masa bulokin ne, wato an jiƙa an shimfiɗa an kafe da fil ya bushe. Abin duk cen ne da ƙananan ƙulle-ƙullen ado, irin wanda ake cen 3 a dawo a yi silif a na farko, ba shi da nauyin da zai miƙar da kansa.

Ga yadda ake yi. Ki samu farar takarda ki ja layi uku da suka gitta juna a tsakiya, tazarar digiri 60 tsakaninsu, ya ba ki ƙafa shida daidai (na tauraro mai ƙafa biyar digiri 72 ne), ki zana da'irori biyu ko uku a kai don ki san iya inda kowace ƙafa za ta tsaya. Ki ɗora takardar a kan soso mai tauri ko kwali mai kauri, ki rufe da farar leda don kar tawada ta kama zaren. Ki jiƙa saƙar ki matse a cikin tawul ba murɗawa ba, ki kafa fil a tsakiya tukuna, sannan ƙafa ɗaya da wadda ke fuskantarta, haka bibbiyu, sai a ƙarshe ki bi ƙananan ƙulle-ƙullen kowanne da fil ɗinsa. Eh fil zai yi yawa, guda ɗaya yana iya cin talatin ko fi, kar ki yi rowa.

Fil ɗin kuma lallai ya zama wanda ba ya tsatsa. Na banza zai bar miki jan ɗigo a farin zare wanda ba ya fita. Kuma ki bari ya bushe ƙarau kafin ki cire, kwana ɗaya ko fiye in akwai danshi a iska.

Da me zan sa ya yi tauri ya tsaya in an rataya?

Bulokin da ruwa zalla yana ba da siffa amma ba ya ba da tauri, abin da za a rataya kuma sai da tauri in ba haka ba ƙafafun za su sunkuyo cikin 'yan kwanaki. Hanya uku aka fi bi. Sitaci, ko na fesawa ko wanda ake damawa a dafa ya yi kauri, shi ne mai sauƙin sha'ani don in ya yi datti ki wanke ki sake. Na fesawa taurinsa kaɗan ne, ya fi dacewa da abin da zai kwanta a tebur. Sai farin gam irin na takarda da katako, a haɗa rabi gam rabi ruwa, wannan shi ne mai tauri na gaske kuma yana daɗewa, ni shi na fi so a kayan ratayawa. Na uku ruwan sukari da aka dafa, tsohuwar hanya ce kuma yana tauri, amma yana kiran tururuwa kuma da iska ta yi danshi zai saki ya yi danƙo, ban ga dalilin wahalar ba.

Ko wanne kika zaɓa, ki tsoma ya jiƙu har ciki sannan ki matse sosai ki dangwale da tsumma, ragowar da ta taru a ramuka in ta bushe tana zama farin yaɓe mai muni, a zare mai kala ma ya fi nunawa. Daga nan sai kafewa kamar yadda na bayyana a amsar sama. In kina son ƙyalƙyali ki barbaɗa tun yana jiƙe.

Akirilik ne kawai a hannuna, ba zai yi ba kenan?

Zai yi fulawa, zuciya, murabba'i, igiyar ado, duk abin da ba a buƙatar ya tsaya da kansa. Shi roba ne, ba ya shan ruwa yadda auduga ke sha, so jiƙawa da sitaci ba sa kama shi sosai. Tururi ne maganinsa: ki kafe da fil a bushe, ki riƙe ayan ɗin guga a sama da shi kamar santimita biyu ko uku ki sakar masa tururi. Kar ayan ya taɓa shi ko sau ɗaya, narkewa zai yi, kuma in tururin ya yi yawa zai saki ya yi laƙwas har abada.

Kuma don Allah kar a yi abin ɗora tukunya mai zafi da shi. Wannan aikin auduga ne.

Jelar zare fa, in ɗaure in yanke kawai?

A'a. Ƙulli yana kwancewa kuma yana yin tudu. Ki bar jela santimita 10 zuwa 15, ki zura a basilla mara tsini, ki bi ta bayan saƙar ƙarƙashin idanu huɗu ko biyar, ki juyo ki koma ta wata hanya, in da wuri ki sake juyawa, sannan ki yanke. Jelar majik ring kuma ki zagaya da ita cikin zoben gaba ɗaya tukuna kafin ki juyo. Ki ɓoye kafin sitaci, in ya bushe allura ba ta shiga. A abin ratayawa jelar ƙarshe ma kina iya barinta doguwa ta zama madaukin ratayawar, kin rage aiki ɗaya.

Na yi guda goma kowanne da girmansa, ya zan yi su zo ɗaya?

Hannu yana canzawa, in kin gaji ko ranki a ɓace yake za ki matse, in kin sake za ki sassauta. Abin da ke taimakawa shi ne ki yi su layi-layi, zagayen farko na duka goman, sannan na biyu na duka, da kwarashi ɗaya ba canji. Kala daban ma na kamfani ɗaya wani lokacin kaurinsu ba ɗaya ba ne saboda rini. Ragowar bambancin kuma takardar da'irorin nan ta bulokin za ta daidaita shi tunda duk a layi ɗaya za ki kafe su.

Ya ake haɗa su su zama abu babba?

Ko ki ɗinke da basilla ta baya, ko ki haɗa da silif ko singul wanda ke barin ɗan tudun layi da wasu ke so a matsayin ado, ko kuma ki riƙa haɗawa kina tafiya, wato a zagayen ƙarshe na sabon duk inda ya kamata ki yi cen a kusurwa sai ki soka a kusurwar na kusa da shi ki yi silif. Ta ƙarshen nan ta fi kyau a masu ramuka kamar shimfiɗar tebur da bakin labule. Igiyar ado ta fi komai sauƙi, doguwar cen kawai, duk bayan 15 ko 20 ki kama kan tauraro ɗaya da singul ki wuce.

Wannan dabarar ta saƙa ƙanana daban a haɗa daga baya ba sabuwa ba ce. Lokacin babbar yunwar ƙasar Ayalan da ta fara a 1845 an koya wa mata da yara saƙar leshi da kwarashi don su samu abin rufin asiri, wata ta ƙware a fure wata a ganye, sai a tara a jera a kan zane a cike tsakaninsu da raga. Har yau masu irin wannan leshin haka suke yi.

Akwai abin da zan kiyaye wajen ratayawa da ajiya?

Wuta da yara. Zare da sitaci da gam duk suna ci da wuta, kar a rataya kusa da kyandir ko ƙwan fitila mai zafi, ƙananan fitilun LED sun fi aminci. In akwai jariri ko mai rarrafe a gidan a bar duwatsun ado da maɓalli, a kuma ɗaga doguwar igiya sama inda hannu ba ya kai.

Ajiya kuma a kwance, a akwati mai tauri, takarda tsakanin kowane layi, a wuri busasshe. Masu sitaci da sukari ƙwari suna binsu, so in za su daɗe a ajiye gara ki wanke sitacin ki adana su haka, in lokaci ya zagayo ki sake sawa. Wanki da hannu a ruwan sanyi, kuma ja da fari kar su haɗu a roba ɗaya sai kin gwada jan shi kaɗai kin ga ba ya zuba.